Jatau: Yadda Laƙabin Kakana Ya Zama Sunan Gidanmu

Ni Bazazzagi ne, haifaffen cikin birnin Zariya, kuma shekara kusan hamsin ke nan ina amsa sunan Jatau a makaranta da wurin aiki da asibiti, alhali duk wanda ya gan ni ya san baƙi ne ni wuluk, irin baƙin da kakata ta wajen uwa take tsokanata da shi tun ina yaro, tana cewa in na shiga ɗaki da dare sai na yi dariya ake sanin ina ciki. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari shi ne 'ya'yana da 'ya'yan 'yan'uwana, waɗanda suka buɗe ido suka tarar da sunan a kan takardunsu, suna zaton tun kaka da kakanni haka gidanmu yake amsawa. Ni kuwa ina tsaye a wurin ranar da aka fara rubuta shi, kuma na san ba a yi minti biyar ba aka gama.

A shekarar 1976 ne, lokacin da gwamnati ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta da ake kira UPE, mai unguwa ya bi gida gida yana cewa a fito da yara. Mahaifina maɗinki ne, mai aikin allura a babbar riga, kuma ba ya son abin da zai tashe shi daga zaure da hantsi, amma ranar ya ajiye aska takwas ɗin da yake yi wa wani attajiri, ya riƙe hannuna muka tafi. Aka sa na ɗora hannun dama bisa kai na kamo kunnen hagu, alamar na isa shiga aji, sannan malamin da ke riƙe da rajista ya tambayi sunana da sunan mahaifina. Da aka gaya masa sai ya duba littafin ya girgiza kai, ya ce tun safe ya rubuta yara uku masu wannan suna da wannan sunan uba, don haka a ba shi sunan kaka. Mahaifina ya sunkuyar da kai ya yi shiru, domin a tarbiyyar da ya tashi a ciki ɗa ba ya kama sunan mahaifinsa kai tsaye, balle a gaban jama'a, balle kuma mahaifin ya riga mu gidan gaskiya. Malamin ya sake tambaya, layi kuma ya yi tsawo a bayanmu. Can sai mahaifina ya ce, murya ƙasa ƙasa, "To, Jatau dai ake ce masa." Alƙalami ya bi ta kai, aka ce na gaba ya matso.

Yayana ya riga ni shiga makaranta da shekara uku, shi da sunan mahaifinmu aka rubuta shi. Ƙanena kuwa baffanmu ne ya kai shi, kuma da aka yi masa irin tambayar da aka yi wa mahaifina sai ya kauce wa kunyar gaba ɗaya ya ba da sunan unguwarmu. Haka muka tashi mu uku, uwa ɗaya uba ɗaya, muna cin tuwo a akushi ɗaya, kowa da sunansa na biyu daban, kuma babu wanda abin ya dama, domin a lokacin takarda ba ta da wani ƙarfi a kan rayuwar talaka.

Ba mu kaɗai wannan ya faru da mu ba, kuma ba a kanmu aka fara ba. Bahaushe ba shi da al'adar sunan zuriya guda wanda ake gada daga uba zuwa ɗa zuwa jika ba tare da ya canza ba. Akwai sunan yanka, akwai laƙabi, akwai wane ɗan wane, sai kuma sana'a ko gari ko sarauta in ana son bambancewa. Rajistar makarantar boko da takardar aikin gwamnati ne suka zo da gurbi na biyu wanda dole a cike shi da wani abu. Manyanmu na farko da suka haɗu a makarantun kwana daga garuruwa daban daban, da yawansu garin suka sa a gurbin: Malam Aminu Kano, wanda mahaifinsa Malam Yusufu ne, da Alhaji Shehu Shagari, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Sa'adu Zungur. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa yake amsawa a makaranta kafin ya koma Ahmadu Bello. Da malamin da ya rubuta ni ya ga dama, da yau wani suna nake ɗauke da shi, kuma da ban sha tsokanar da na sha ba.

Tsokanar kuwa na sha ta, domin yaro Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa Jatau. Daga kalmar ja aka gina shi, kuma ma'anarsa jan mutum, mai hasken fata, kamar yadda ake kiran baƙi ƙirin Duna. Ginin sunan irin na tsofaffin laƙubbanmu ne masu ƙarewa da "au", waɗanda kowannensu yake ɗauke da ɗan tarihin haihuwar mai shi: Sallau wanda aka haifa ranar Salla, Nomau wanda ya zo da damina ana tsakiyar noma, Shekarau wanda ya daɗe a ciki, Tunau wanda aka samu bayan uwa ta jima ba ta haihu ba, da Barau da Mantau na gidan da 'ya'ya suke mutuwa, ana roƙon mutuwa ta bar wannan ko ta manta da shi. Duk wannan daga baya na san shi. A aji ɗaya abin da na sani kawai shi ne duk safiya in malam ya kira "Jatau" na miƙe, sai aji ya fashe da dariya, wani ya ce gawayi ya amsa sunan manja. Na yi dambe a kan wannan ya fi a ƙirga, kuma ba kowane na ci ba.

Sai da na shiga makarantar gaba da firamare abin ya juya, ranar da malamin tarihi ya rubuta jerin sarakunan Zazzau a allo, na ga sunana a ciki. Isiyaku Jatau, Sarkin Zazzau a ƙarshen ƙarni na 18, na gidan sarautar Haɓe. Malamin ya ce masu tarihi suna ambatonsa da cewa ya karɓi kiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo hannu biyu, amma ɗansa Muhammadu Makau da ya gaje shi bai bi wannan hanya ba, har rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Musa ta ci birnin, Makau ya fice ya nufi kudu wajen Zuba. Bayan Makau sai ɗan'uwansa Abubakar Ja, wanda ake kira Abu Ja, ya kafa gari a 1828, garin ya ɗauki sunansa ya zama Abuja. Malamin ya nuna mana cewa "ja" ɗin da ke ƙarshen Abuja shi ne dai "ja" ɗin da ke farkon Jatau, uba mai haske ya haifi ɗa mai haske. Kuma a 1976, shekarar da aka rubuta ni a rajista, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya, sunan Abuja ya koma kan sabon birnin, tsohon garin kuma aka sa masa Suleja daga sunan sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau. Har yau sarkin can Sarkin Zazzau ake ce masa.

Ba sai na faɗi abin da wannan darasi ya yi wa zuciyar yaro ɗan shekara goma sha huɗu ba. Kafin a tashi daga makaranta na riga na ɗinka wa kaina tarihi cikakke: mu jinin Sarki Jatau ne, wani kakanmu ne bai bi Makau ba, ya ɓuya a cikin birni ya kama sana'ar allura don kada a gane shi, shi ya sa mahaifina yake yin shiru in an tambaye shi asali. Na shiga zuwa Ƙofar Jatau, ko Ƙofan Jatau kamar yadda bakinmu na Zagezagi yake faɗa, ina tsayawa ina duban ragowar ganuwa kamar mai duba gonar gado. Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona duk na jama'a ne, wannan kuwa a ganina tamu ce. Na gaya wa abokaina, wasu suka yarda, har aka fara kirana Yarima, rabi da gaske rabi da ba'a. Ina kwalejin horon malamai na tara kuɗin alawus na hau mota zuwa Suleja, na wuni a ƙofar fada ina kallon dogarai, ina jiran wani tsoho ya dube ni ya ga kama. Ba wanda ya ko tambaye ni daga ina nake. Na ci shinkafa da wake a tasha, na kalli Dutsen Zuma daga nesa, na dawo.

Sau ɗaya tak na kai maganar gaban mahaifina. Yana zaune a zaure da riga a cinya, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Mu dai abin da na san mun gada allura ne da allo. In akwai rawani a gidan nan, ni ban gan shi ba." Na ɗauki wannan a matsayin ƙarin hujja cewa yana ɓoye wani abu. Mai son ya yarda da abu, ko musu aka yi masa sai ya mai da shi shaida.

Aikin koyarwa ne ya fara warware mini wannan ɗinki. An tura ni wata makaranta a kudancin Jihar Kaduna, kuma ranar da na isa shugaban makarantar ya yi turus da ya gan ni da hula da doguwar riga, domin da ya ga sunana a takardar turi ya ɗauka ɗan yankin ne aka mayar gida, har ya tanadar mini wuri a ƙungiyar mawaƙan cocinsu. Da na buɗe rajistar ajina kuwa sai na tarar da Jatau har huɗu, ba wanda ya haɗa dangi da wani, kuma dukansu Kirista ne. Ga su Tanko da Gambo da Bako da Ɗanladi da Dogo da Bawa a matsayin sunan uba, sunayen da a cikin birni mun fara barinsu ga tsofaffi. A can ne na san cewa babban limamin ɗarikar Katolika na Kaduna a lokacin, wanda ya riƙe muƙamin daga 1975 zuwa 2007, sunansa Peter Yariyok Jatau. Daga baya tafiye tafiyen aiki da na bita suka haɗa ni da masu wannan suna daga Bauchi da Filato da Gombe da Neja, Musulmi da Kirista, Hausawa da waɗanda Hausa harshen kasuwa ce a wurinsu.

Mai gidan da na yi haya a wurinsa, wani dattijo tsohon soja, shi ma Jatau ne sunan mahaifinsa, kuma tun daren farko ya ce ni ɗansa ne, ba zai karɓi kuɗin wata na farko ba. Shi ya gaya mini yadda nasu ya samu. Mahaifinsa yana da sunansa na yarensu, amma fataken Hausawa da suke sauka garin suna sayen citta ba su iya faɗinsa ba, da yake kuma mutum ne mai haske sai suka riƙa ce masa Jatau, sunan ya bi shi kasuwa, daga kasuwa ya bi shi takardar haraji, daga nan ya bi 'ya'yansa makarantar mishan. Wannan bayani ya nuna mini dalilin yaɗuwar sunan fiye da duk abin da na karanta. Laƙabin Hausa ba ya tambayar addinin mutum kafin ya manne masa, don haka al'ummomin da suka yi maƙwabtaka da ciniki da Hausawa suka ɗauke shi cikin sauƙi, kamar yadda Janar Ɗanjuma, mutumin Takum, yake ɗauke da sunan ranar Juma'a. Kuma tunda kowane gari yana da jan mutum, kowane gari yana iya samun Jataunsa ba tare da ya taɓa jin labarin sarkin Zazzau ba. Na kwana ina juya wannan, domin in Jatau huɗu na ajina ba jinin sarki ba ne, ni me ya sa na zama?

Abin da ya fi wannan ciwo ya same ni bayan na dawo arewa. Na je wani ofis neman wata takarda, wani matashin ma'aikaci, Bahaushe ɗan birni kamata, ya duba sunana, ya dubi gemuna, ya ce cikin fara'a, "Masha Allah, Malam, yaushe ka musulunta?" Bai yi don cin fuska ba, shi a saninsa Jatau ba sunan Musulmi ba ne, tunda a ajinsu da unguwarsu bai taɓa jin mai shi ba sai a bakin mutanen kudancin jiha. Na ce masa kakana almajiri ne, kuma sarkin da ya yi wannan suna ya yi mulkin birnin Zariya kafin a haifi kakan kakansa. Ya ba ni haƙuri, amma na fito raina a ɓace. A ganina laifin namu ne mu iyaye, da muka watsar da laƙubbanmu na gado muka koma ɗebo wa yara na Larabawa da na finafinai, har ya zama ɗan Bahaushe yana jin tsantsar Hausa yana ɗaukarta baƙon yare. Duk da haka, a wannan makon na yanke shawarar sauke sunan. Na tambayi yadda ake rantsuwar canjin suna a kotu da kuɗin buga sanarwa a jarida, na kuma ce tunda sunan kaka aka nema tun farko, bari in nemo sunansa na yanka in sa.

A nan na gane wani abin kunya: ina da shekara talatin da 'yan kai, ina koya wa 'ya'yan mutane tarihi, ban san sunan kakana ba. Mahaifina ba zai faɗa ba, na sani. Sai na sayi goro da turare na tafi wurin gwaggona, yayar mahaifina, wadda a lokacin ta kusa tamanin, idonta ya yi rauni amma tunaninta garau.

Na gaishe ta, ta ce, "Wa nake ji kamar baƙin gidanmu?" Na ce ni ne, Gwaggo. Bayan an taɓa hira na kawo maganar sarauta tukuna, domin har lokacin da ɗan sauran buri a raina. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Kai, ɗan nan, wa ya gaya maka? Baba da allo a rataye ya shigo garin nan." Daga nan ta warware mini zare. An haifi kakana a wani ƙauye da ke arewa da birni, a zamanin Sarki Kwasau, gab da zuwan Turawa. Shi ne ɗan fari, aka kuma sa masa sunan kakansa na wajen uba, don haka kunya biyu ta hau kan mahaifiyarsa, ta ɗan fari da ta sunan suruki, sauran matan gidan ma ba mai iya kama sunan. Dole a nemo abin da za a riƙa kiransa da shi. Ungozomar da ta yanke cibi ce ta ɗaga shi ta ce wannan ai jatau ne, mata suka ɗauka, kafin ranar suna laƙabin ya riga ya zauna. Yana ɗan shekara goma aka ba da shi ga wani malami, suka shigo Zariya karatu, irin yadda almajirai suke ta kwararowa birnin daga ko'ina. A zauren malamin ya koyi aikin allura don ya ci abinci, kamar yadda almajiran birni da yawa suke yi, ya sauke, ya yi aure, ya zauna. Da Jatau mai unguwa ya san shi, da Jatau ya biya haraji, da Jatau dillalan riguna suke nemansa. Ya rasu shekarar da Sarki Ja'afaru ya rasu, wato 1959, shekara goma kafin a haife ni.

Na ce, "Gwaggo, ashe dai ja ne sosai, ni ne na ɓata gida." Ta ce, "Ja a ina? Ai kowane jariri ja ne. Da ungozomar ta duba bayan kunnensa da ta san inda ya dosa. Kafin a yaye shi ya rine. Baba baƙi ne kamar kai, har ya ɗara ka, in ka zauna a zaure ka sunkuya sai in ga kamar shi." Na yi shiru na daɗe. Shekara da shekaru ina dambe da yara a kan ba na kama da sunana, ashe mai sunan ma haka ya yi ta amsa shi shekara sittin, mutanen birni suna ganinsa baƙi ƙirin suna ce masa Jatau, ba wanda ya ga abin dariya a ciki.

Saura sunan yanka. Na tambaye ta, ta ja mayafi ta gyara, ta ce ita ba ta taɓa faɗinsa ba, ba kuma yau za ta fara ba. Na yi ta lallashi, na ce ina tsoron ya ɓace daga gidan. Can ta ce, "Kai ba malami ba ne? Annabin da kifi ya haɗiye." Ta kuma gaya mini dalilin da ya sa babu mai sunan a cikinmu: baffanmu ya sa wa ɗansa na fari, ƙyanda ta ɗauke yaron kafin ya yi tafiya, daga nan matan gidan suka ce sunan bai karɓe su ba, aka bar shi. Ni ma a nan na bar shi yadda ta ba ni, wanda ya sani ya sani.

Ban je kotu ba. Ba zan ce wani dogon tunani na yi ba, kawai dai na kasa sauke sunan da mutumin ya ɗauka tun daga hannun ungozoma har kabari, musamman da na ji ni ne mai kama da shi. Abin da na yi shi ne, da Allah Ya ba ni ɗa namiji bayan shekara biyu, na je na durƙusa gaban mahaifina na ce, "Baba, ina so a mayar da sunan Malam." Mata suka yi ta ƙananan maganganu a cikin gida saboda abin da ya faru da ɗan baffa, amma mahaifina ya ce rai da ajali na Allah ne. Ranar suna da asuba shi da kansa ya matsa kusa da liman ya raɗa masa, aka yi addu'a, sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya ya faɗi sunan har ƙarshen layi. Na dubi mahaifina na ga ya sa hannun riga yana share ido. Gwaggo kuwa da aka miƙa mata jaririn ta shafa kansa ta ce, "Sannu da zuwa, Babana," kuma har ta rasu ba ta kira shi da wani abu ba sai wannan.

Takarda ta zo ta yi ƙarfi daga baya. Mahaifinmu ya rasu a 2016, bayan an shigo da lambar tantance masu asusu ta BVN a bankuna, ya bar 'yan kuɗi kaɗan a asusu da gidan da muka tashi a ciki. Da muka je mu uku a matsayin magada, sai ga suna uku daban daban a katunanmu, kuma ɗaya ne kawai yake ɗauke da sunan mamacin. Ban ga laifin ma'aikatan da suka ce mu kawo shaida ba, don ko ni ne a kujerar haka zan ce. Sai da muka haɗa da takardar mai unguwa da rantsuwa a kotu kafin a yarda cewa 'ya'yan mutum ɗaya ne mu.

Bayan sadakar arba'in yayana ya tara mu ya ce lokaci ya yi da gidan zai tsaya a kan suna guda, kuma a ganinsa sunan mahaifinmu ya kamata, ya kawo aya ta 5 ta Suratul Ahzab wadda ta ce a kira mutane da sunan ubanninsu, ya ƙara da cewa Suratul Hujurat ta hana jifan juna da laƙubba. Na ce, "Yaya, ban musa ba, amma kaka ma uba ne." Muka kai maganar gaban wani malami da muke karatu a zaurensa, ya ce laƙabin da aka hana shi ne wanda mai shi yake ƙi kuma ake nufin wulaƙanci da shi, ya kawo misalin manyan maruwaita hadisi da duniya ba ta san su ba sai da laƙabin siffarsu, kamar A'amash mai raunin ido da A'araj mai ɗingishi. Ya ce dukanmu muna kan daidai, mu dai duba abin da zai sauƙaƙa wa yara. Ba mu cimma matsaya ba, domin kowannenmu yana da takardun makaranta da na aiki na shekara talatin da ba za su canzu cikin sauƙi ba. Yaya ya zauna a kan sunan mahaifinmu, ƙanena ya zauna a kan sunan unguwa duk da ya bar unguwar tun aurensa, sai 'ya'yan baffa biyu da suka zaɓi su koma Jatau saboda su ma shi ne kakansu. Da aka zo rajistar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN gadan gadan a ƙarshen 2020, aka ce sai da ita za a riƙe layin waya, daga baya har da rubuta jarrabawar shiga jami'a, sai kowane reshe ya daskare a inda yake. Jikokina, in Allah Ya kawo su, Jatau za su amsa ko da sunana ya faɗi daga tsakiya, abin da bai taɓa faruwa a gidanmu ba.

Ranar da ɗan nan nawa ya karɓo takardarsa ta NIN ya kawo mini in duba ko an yi kuskure, na ga sunan yankan kakana a gurbin farko, nawa a tsakiya, laƙabinsa a ƙarshe, karo na farko da sunayen mutumin biyu suka haɗu a layi ɗaya a kan wata takarda. Na ce masa babu kuskure. A cikin gida har yau mahaifiyarsa da gwaggwanninsa ba sa kama sunan, Abba suke ce masa, abokansa na makaranta da na ƙwallo kuwa ba su san shi da komai ba sai Jatau. Da yamma in suka zo ƙofar gida suna ƙwala masa kira, ina zaune a zauren da mahaifina yake ɗinki, sai in ga ya fito da gudu yana sa takalmi, shi ma baƙi wuluk.